Sista Maɓalli da Idon Yayata

Ƙarfe bakwai saura kwata take isowa, tun mai shara bai gama da baranda ba. Jaka a kafaɗa, makullai a hannu, fararen takalmanta na roba suna ɗan kuka a kan siminti. Kafin ta amsa gaisuwar kowa sai ta bi bencin jira da ido ta ƙirga kawuna, don ta san ko yau za ta samu ta kurɓi shayi ko ba za ta samu ba. Yawanci ba ta samu. Ta buɗe ɗakinta, ɗakin da dogon mutum in ya miƙe ƙafa sai ta daki bango: kujera biyu, tebur guda, famfon da yake ɗiga tun ranar da na fara taka wurin, da allon nan mai alama mai yatsu uku da ake gwada ganinmu da shi, mu da ba mu san harafi ba. Ta wanke hannu har gwiwa, ta jera auduga da almakashi da kwalaben maganin ɗigawa, ta kunna tocila a tafinta ta kashe. Daga nan sai ta miƙa hannu saman kabad ta sauko da wani tsohon gwangwanin alewa, ta girgiza shi sau ɗaya. In masu jira suka ji kacau, sun san aiki ya buɗe.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana wannan a sashen ido. Ba ita ke cire yanar ido ba, wannan aikin likita ne. Ita ce ke shirya mutum kafin ya shiga tiyata, ita ce kuma ke kwance masa bandeji washegari. Sista Maɓalli ake ce mata, har likitocin ma. Watan jiya ta yi ritaya. Aka tara mutum tara a ofis, aka ba ta takarda a cikin firam da lemon kwalba marar sanyi, wani ya yi jawabin minti biyu yana duba agogo, aka watse. Shi ke nan fa. Da labarin ya iso mini sai da na kasa cin abincin rana don takaici, ni da ba a taɓa yin abin da ya hana ni cin abinci ba.

Ni mai wannan magana ban taɓa zama a aji ba, ban kuma ji kunyar faɗa ba. Faɗa nake ɗiyata tana rubutawa, na ce mata kada ta gyara mini ko kalma ɗaya. Shekara arba'in da biyu na yi a bayan sitiyarin babbar mota. Sau uku ta kife da ni, sau uku na fito da ƙafafuna ina kaɗe riga. Duk waɗanda muka fara tare sun kwanta dama, ni ga ni nan da haƙorana ashirin da shida, idanuna biyu duk an yi musu aiki, ina hango lambar mota daga tsallaken titi. Mutum irina ba ya yabo a banza. In na ce mace ta isa, to ta isa.

Tambaya ɗaya ce ta cinye wa baiwar Allah rabin rayuwa: "Sista, in an yi, idon zai canza launi?" Da safe ta amsa, da rana ta amsa, ta amsa wa uba, ɗansa ya shigo ya sake tambaya. Amsar kuwa gajeriya ce, a'a. To amma mutanenmu ba sa son gajeriyar amsa. Wannan ya ce an sa wa maƙwabcinsa idon mage, shi ya gan shi yana walƙiya a rana. Wancan ya ce ina, na akuya ne. Wata ta rantse ta maya cewa kawunta da farin ido ya shiga, ya fito da baƙi ƙirin, to na wa aka ba shi?

Abin haushin shi ne ba ƙarya suke yi ba, gani suka yi ba su gane ba. Yana in ta nuna, 'yar tagar tsakiyar ido ce ke yin fari kamar an ɗiga madara. Mutum ya shekara biyar, ya shekara goma a haka, har 'yan gidansa su manta yadda yake a da. Ranar da aka cire, tagar ta koma baƙa yadda Allah ya yi ta, sai a ce an musanya. Ni kaina da na dawo gida, jikata 'yar shekara huɗu, wadda tun da aka haife ta da farin ido ta san ni, ta kwarma ihu ta shige ƙarƙashin gado, wai an kawo wani Kaka. Walƙiyar kuma ɗan gilashin da ake sawa a gurbin yanar ne, wani lokaci haske ya doke shi. Shi kuwa zagayen nan mai launi, ko ruwan ƙasa ne ko ruwan zuma, aikin ba ruwansa da shi.

Akwai wani mai fenti da ya dawo kwana uku bayan an yi masa, yana zage-zage tun daga ƙofa, wai tun da aka taɓa shi duniya ta yi shuɗi, farin bango har kashe masa ido yake. Masu jira shaida ne. Sista ta bar shi ya zazzage duk abin da ke cikinsa, sannan ta ce, "Malam, shekara shida kana kallon duniya ta cikin ruwan shayi, yanzu aka zubar da shayin. Je ka zaga gidajen da ka yi wa fenti a shekarun nan ka ba masu su haƙuri." Benci ya fashe da dariya, har da shi mai fentin.

Da baki ya gaji sai ta koma ga gwangwani. Maɓallai ne a ciki, sun fi ɗari uku, na kwat, na riga, na wando, baƙaƙe da masu ruwan ƙasa iri-iri, shagon tela bayan shagon tela ta bi tana tsinta. Kafin a shiga da mutum sai ta kira wanda ya rako shi, ta haska idon da tocila, ta zube maɓallan a faranti ta ce ya zaɓo wanda ya yi daidai da launin idon. Ta ɗinke shi a bakin mayafi ko a cikin aljihun riga. Washegari in ta kwance bandeji, ga madubi, ga maɓalli, mai ido ya yi wa kansa alƙalanci. Ba a makaranta aka koya mata ba. Wani sabon likita ya taɓa cewa wannan wasan yara ne, a fitar masa da gwangwanin. Sati uku aka yi, mutum goma sha ɗaya suka sulale daga layi, da bakinsa ya tambaya ina gwangwanin nan ya shiga.

Ba wai maɓallan sun kashe wauta ba ne, ita ba ta mutuwa. Mai shara ya gaya mini wani tsohon ɗan gaye, mai ɗaukar hoto a da, da ya ga farantin da ɗayan idonsa mai ɗan gani sai ya zaci zaɓi ake ba shi. Ya tono wani koren maɓalli da ya ɓata hanya ya shiga cikinsu, ya ce, "In dai ba damuwa, a sa mini wannan." Ta karɓe ta ce, "Baba, nan ba shagon tela ba ne. Da wanda ka zo za ka koma."

To bari in zo kan abin da ya sa na ce sai an rubuta wannan. Yayata ce. Ta ba ni shekara goma sha ɗaya, ita ta goye ni, don Innarmu ta rasu ina wata bakwai. Har yau Auta take ce mini, a gaban surukaina, a gaban kowa. Yana ta rufe mata ido biyu. Na hagu ta ƙi ƙememe a taɓa shi, har ya kumbura shekara biyu da suka wuce, ta yi kwana huɗu tana riƙe da kai tana nishi. Da muka kai ta, likita ya ce jijiyar ta mutu, ko an cire yanar babu sauran gani. Saura na dama. Shi ma da likita ya duba a watan jiya sai ya ture kujerarsa baya, ya ce yanar ta nuna har ta fara kumburi, hanyar da ɗan'uwansa ya bi ita yake shirin bi, kada a wuce Talata mai zuwa.

Yaya ta ce ba ta san zance ba.

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi rantsuwa. Sau biyu muna kai ta har bakin asibiti tana cewa a juya. Ni da na taɓa fitar da tirela mai taya goma sha takwas daga laka ba wanda ya ja ni, na kasa gusar da tsohuwar da iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka.

"Ba ga ni ba?" na ce mata. "Ido biyu aka yi mini. Me ya same ni?"

"Kai ai ko kan jaki aka ɗora maka cewa za ka yi ya fi naka kyau," in ji ta. "Ba jikarka ce ta gudu ba? Ita ba ta iya ƙarya ba tukuna. Kai kuwa tun kana rarrafe kake yi."

Ran Litinin, satin Sista na ƙarshe a bakin aiki, ni da matar ɗan Yaya muka ce mata maganin ɗigawa kawai za a karɓo. Ta san ƙarya ce, ta dai biyo mu, ina jin don ta samu abin goranta mana.

Sista ta riga ta ga mutum ashirin da wani abu a safiyar. Wuyanta ya ƙage, gwiwarta ta hagu da ke damunta ta fara zugi. Ta dubi katin, ta dubi tsohuwar da ta ɗosana a bakin kujera ta ƙanƙame mayafi kamar mai jiran mota ta tashi, ta san irinsu. Masu ihu ba sa ba ta tsoro, da kansu suke gajiya. Masu shiru da ɗaure fuska su ne aiki.

"Mama, ɗago mini fuskar nan in ga kyakkyawa."

"Kyau ya bi masu shi. Yi abin da za ki yi, 'yar nan."

Ta haska na daman, ta zube maɓallai a faranti, ta ce wa surukar ta zaɓa. Matar ɗan Yaya, mace mai hankali wadda ta yi karatu har tana koyarwa, ta sunkuya ta leƙa idon, ta tona faranti, ta ƙara tonawa, ta ɗago wani farin maɓallin rigar 'yan makaranta tana murmushi kamar ta ci gasa.

Sista ta runtse ido ta buɗe. "Wannan fa?"

"Shi ne daidai, Sista. Fari mai ɗan ruwan toka."

"Shekararki nawa a gidan?"

"Tara."

"To shekara tara kina gaida cuta kina cewa surukarki ce. Wannan launin yanar ne, shi za mu cire mu jefar. Gefen nake tambaya, baiwar Allah, gefen!"

"Kun ji ko?" in ji Yaya. "Cirewa za su yi su jefar. Da bakinta ta faɗa."

Ni ban ko tona ba. Hannuna ya tafi kai tsaye kan wani maɓallin kwat mai ruwan zuma, irin zumar da aka ɗaga kwalbarta a rana. Sista ta kara shi kusa da idon, ta haska, ta ce, "Baba Direba ya ci."

"Me ya ɗauka?" in ji Yaya.

"Ruwan zuma, Mama."

Bakin Yaya ya ɗan motsa. Can ta ce, "Ji ya yi ana faɗa."

Sista ta yago auduga ta danna a bayan maɓallin har ramukansa suka toshe, ta buɗe tafin Yaya ta sa mata. "Shafa. Wannan maɓallin shi ne idonki. Ramukan nan su ne tagar da haske ke shiga. Juya bayansa. Me kika ji?"

"Auduga."

"Ita ce yanar. A baya take, ba a jikin maɓallin ba. Cire ta."

Yaya ta sa farce ta tsince.

"Maɓallin ya canza?"

"Ina zan sani? Gani nake?"

"A hannunki yake, Mama. Ya bar hannunki?"

"Bai bari ba."

Na ce a raina an gama. Ashe ban san Sista ba. Matar nan aibinta ɗaya, ba ta iya barin magana a rabi. "Sai dai in an cire," in ji ta, "za a sa ɗan gilashi a gurbin. Bai kai farcen ƙaramin yatsanki ba, ba shi da launi, kamar ɗigon ruwa yake."

Yaya ta miƙe tsaye. "Auta, kai ni gida."

Wallahi ji na yi kamar in yi tsalle in daki rufi. Mun kawo kaya har bakin sito, ta sa ƙafa ta ture. "Haba Sista! Wa ya tambaye ki?"

"Idonta ne ko naka? A ɗakin nan ba a shiga da mutum tiyata a kan ƙarya."

A waje benci ya fara gunaguni, wani har yana dukan ƙofa da sanda. Ta leƙa ta ce duk wanda ya ƙara bugawa shi ne na ƙarshe yau, baranda ta yi tsit. Ta tura surukar ta je ta zauna a can, ta rufe ƙofa, ta kama kafaɗar Yaya ta mayar da ita kujera, ta jawo tata har gwiwa ta taɓa gwiwa.

"Mama, na ga masu tsoron allura, na ga masu tsoron mutuwa, na ga masu tsoron idon akuya. Ke ba ko ɗaya. Da aka ce ruwan zuma na ga bakinki. Wa kike ajiye wa idon nan?"

Yaya ta daɗe tana juya maɓallin a yatsunta.

"Ba nawa ba ne," ta ce. "Na Inna ne. Duk cikinmu ni kaɗai na ɗauko shi. Ba ta bar hoto ba, ba ta bar komai ba. Wannan ƙaton da kike gani, yana shekara biyar ya dawo gida da kuka, yara sun ce masa ba shi da uwa. Ya ce in nuna masa yadda take. Na durƙusa na ce kalli idona, ka ga Inna. Kullum sai ya zo ya kalla, har ya girma ya fara jin kunya. Ni na gama ganin duniya, 'yar nan, me ya rage in gani? Amma in kun taɓa shi kun ɓata, shi a ina zai ƙara ganinta?"

Shekara biyu ina daka wa matar nan tsawa, ashe ajiya take yi mini. Haushi kuma ya turnuƙe ni, nata da nawa. Wace irin wauta ce wannan, mutum ya zauna ya makance don wani tsoho mai jika goma sha huɗu ya samu abin kallo?

Da wata ce ta ji wannan sai ta hau lallashi da sannu-sannu. Sista ta san lallashi ba zai kai Talata ba. Ta juyo gare ni ta miƙo tocila.

"Baba Direba, riƙe. Haska na hagun. Gaya mata launin da ka gani. In ka yi ƙarya zan sani."

Ban so ba. Duk gidan mun sani, ba wanda ya taɓa faɗa mata.

"Yaya," na ce, "ya dushe. Kamar ruwan wanki."

"Zumar fa?"

"Babu."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Tun da ya kumbura."

"Wannan ba aikin likita ba ne, Mama," in ji Sista. "Ba mu taɓa shi ba. Zama ne ya cinye shi. Na daman yana nan da zumarsa cif, yau. Ban ce miki wata mai zuwa ba."

Yaya ta ɗaga hannu ta shafa fatar idonta na hagu, a hankali, kamar mai shafa kan jariri. Sannan ta ja tsaki. "Munafukai. Shekara biyu ina zaune a cikinku, ba mai gaya mini." Ta lalubo bakin mayafinta ta miƙa. "Ɗinka. Ki ɗinke shi da kyau, kada wannan ya musanya."

Ko a nan Sista ba ta bari ba. Allura na hannunta ta ce, "Saura ɗaya. Baba Direba, haska na daman. Can bakin zagayen, me ka gani?"

"Wani siririn zobe, ruwan toka-toka."

"Ɗaga murya ta ji. Mama, yau Litinin, ba a taɓa ki ba, zoben nan yana nan. Kada jibi ki ce mu muka sa."

Ran Talata aka shiga da ita, hannunta a cikin na Sista har kan gado. Ko rabin awa ba a yi ba aka fito da ita da bandeji, tana faɗan an ɓata mata ɗaurin kai.

Laraba da safe mu ne na uku a benci. Sista ta zaunar da ita ta ce, "Farin zai yi ja, na kwana kaɗan ne, kada ki tayar mini da asibiti." Ta ɓare filasta, ta ɗage marfin roba, ta goge da auduga. Yaya ta ƙifta, ruwa ya zubo, ta sake ƙiftawa. Ta ƙura wa fuskar da ke gabanta ido.

"Au! Ashe kin manyanta. Ni ina ta ce miki 'yar nan."

"Ku kuka tsofar da ni, Mama. Ungo madubi."

Shekara bakwai rabonta da shi. Ta riƙe da hannu ɗaya, ɗayan ya ɗago bakin mayafi ta kara maɓallin a gefen idon. Ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Tagar ta yi baƙi."

"A da ya take?" in ji Sista.

"Haka take." Ta ƙara matso da madubin. "Zoben nan, shi ne na shekaranjiya?"

"Shi ne. Shekaru ke kawo shi. Dubi na ƙaninki, nawa ma ya fara."

"Inna ba ta da shi."

"Tana da shekara nawa ta rasu?"

"Talatin ba ta cika ba." Yaya ta sake duban zoben. "Ba ta kai ga yinsa ba ke nan." Ta ajiye madubin a cinya, ta juyo. "Auta, zo ka gani."

Na sunkuya. Abin da na gani nawa ne, ba na rubutu ba ne.

"To, ku je waje ku ƙarasa," in ji Sista, "ina da mutum goma sha tara." Ta danƙa wa surukar kwalabe biyu, ta ce ɗigo sau huɗu a rana, ba sunkuyo, ba murza ido, ruwa kada ya shiga, kwalli kuwa a manta da shi sai likita ya ce. Ta sa surukar ta maimaita sau biyu, don ta riga ta ga aikinta a kan maɓalli. Ran Juma'a ta rufe ɗakin ta miƙa makullai.

Sista, yanzu da ke nake. Likita ya cire yana, Allah ya saka masa, amma sai an kwanta masa yake cirewa, kuma ke ce kike kai mu gadon. Ke ce kika amsa tambaya ɗaya shekara talatin da ɗaya, kika yi tsaki, kika harare mu, kika kira mu masu kunnen ƙashi, amma ba ki taɓa cewa kin gaji da amsawa ba. Jagorar masu lalube. Ke ce kika gaya wa tsohuwa gaskiyar da mu 'yan gidanta muka ɓoye mata da sunan tausayi. Waɗanda suka sallame ki da lemo marar sanyi ba su san ko mutum nawa ne a garin nan suke zuba shayi a kofi ba ya zuba a ƙasa saboda ke ba. Ni na sani, don a bencin nan na zauna da su. Na gode, Yaya ta gode. Allah ya huta da gajiyarki, ya sassauta miki gwiwar nan, ya bar miki naki idon har ƙarshe.

Ku kuma masu fararen kaya da kuka rage a ɗakunan nan, in tsoho ya yi muku tambayar da kuka ga ta wauta ce, kada ku amsa kuna kallon kati. Ku jawo kujera. Ba a ce ku tara maɓallai ba, kowa ya nemo nasa abin, amma ku nemo.

Sai mu 'yan gida, mu ne ma muka fi ba ni haushi. Duk mai tsoho ko tsohuwa da tagar ido ta yi fari, ya ce ba ya zuwa asibiti, ku daina ihu ku tambaye shi abin da yake tsoro, ku zauna har ya faɗa. Mu ihu muka yi ta yi, ido ɗaya ya tafi a cikin ihun. Sista minti ashirin ta zauna, ɗayan ya tsira.

Jiya Yaya ta ce za ta gidan 'yarta a tsallaken titi. Na bi ta, don na saba. Da muka zo bakin kwata na kama hannunta, ta buge nawa har sai da ya yi zafi.

"Sakar ni, Auta. Ina ganin kwatar."